Kafin a Mayar da Mutumin Daji Gida, a Tabbata Gidan Yana Nan

 

Yau ba maganar farashin kaya ko rikicin haraji zan yi ba. Maganar biri zan yi. Na san wani zai ce wannan yaro ya rasa abin faɗa, to amma a yi mini haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, domin kuwa maganar za ta biyo ta ƙofar shagonmu kafin ta ƙare.

Da yawa daga cikinmu sun ga hotunan nan da ke yawo a waya, na wasu jajayen 'ya'yan birai masu manyan idanu, an loda su biyar ko shida a cikin baro ana tura su zuwa daji kamar 'yan makaranta. Sunan wannan dabba orangutan. A intanet akwai tallace-tallace da yawa da ke kiran matasa, musamman na Turai da Amurka da Ostireliya, su biya kuɗi su je tsibirin Borniyo ko Sumatara su yi aikin sa-kai na mako biyu ko wata guda a cibiyoyin da ake renon marayun wannan dabba kafin a mayar da su daji. Ra'ayina a kan wannan shi ne: aikin yana da kyau, kuma duk wanda ya je da niyyar gaskiya ya cancanci yabo. Sai dai wanda ya je domin ya rungumi jaririn biri a ɗauke shi hoto, ɓarna ya je yi, ko da bai sani ba. Sannan kuma renon maraya, komai kyansa, magani ne na ƙarshe. Asalin ciwon yana daji, yana kuma kasuwa. Mu da muka tashi a kasuwa mun fi kowa sanin abin da wannan yake nufi.

Wane ne mutumin daji?

A harshen Malai, orang yana nufin mutum, hutan kuma daji. Ke nan su mutanen can da kansu mutumin daji suke kiransa. Babu inda ake samunsa a duniya yana rayuwa da kansa sai a tsibirai biyu, wato Borniyo, wanda Indonesiya da Malesiya da Burunai suka raba, da kuma Sumatara ta Indonesiya. Iri uku ne. Akwai na Borniyo, wanda ake ƙiyasin sun kai wajen 100,000. Akwai na Sumatara, kimanin 14,000. Sai na Tapanuli, wanda sai a shekarar 2017 masana suka tabbatar cewa iri ne dabam, kuma ba su kai 800 ba a duk duniya. Ka duba fa, mutanen da ke taruwa a masallacin Juma'a ɗaya a unguwarmu sun fi su yawa. Dukkan ukun suna cikin jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Wani bincike da aka fitar a 2018 ya nuna cewa tsakanin 1999 da 2015 kaɗai, tsibirin Borniyo ya yi asarar fiye da 100,000 daga cikinsu.

Dabba ce da kusan duk rayuwarta a kan bishiya take yi. Babban namiji idan ya buɗe hannuwansa, faɗinsu ya kan wuce mita 2. 'Ya'yan itace ne mafi yawan abincinsa, sai ganye da ɓawon itace da gara da zuma. Kullum da yamma sai ya lanƙwasa rassa ya yi sabuwar sheƙa a sama ya kwana, idan ana ruwa kuma ya tsinko babban ganye ya rufe kansa kamar laima. Masana sun ce kusan kashi 97 cikin 100 na ƙwayoyin halittarsa iri ɗaya ne da na ɗan Adam. A shekarar 2022, a dajin Gunung Leuser na Sumatara, masu bincike sun ga wani namiji da suka sa wa suna Rakus ya ji rauni a fuska, ya tauna ganyen wani tsiro da mutanen yankin ke magani da shi, ya shafa ruwan a kan ciwon, ya kuma lulluɓe shi da tuƙar ganyen, har ya warke. Ikon Allah ke nan.

Amma abin da nake so a riƙe shi ne wannan: macen orangutan ba ta haihuwa sai bayan shekara 7 ko 8, kuma ɗa guda take haifa. A duk tsawon waɗannan shekaru ɗan yana tare da ita, yana koyon wace bishiya ce ke 'ya'ya a wane lokaci, wane ganye ne guba, yadda ake ɗaura sheƙa, da yadda ake tsallaka daga reshe zuwa reshe ba a faɗo ba. Akuya tana iya haihuwa sau biyu a shekara, ta ba ka tagwaye. Wannan kuwa a duk rayuwarta da wuya ta wuce 'ya'ya huɗu ko biyar. Duk ɗan kasuwa ya san jarin da ba ya juyawa da wuri, idan aka taɓa uwar kuɗin, to tashi sai ikon Allah.

Yadda maraya ke zuwa

Jama'a, uwar orangutan ba ta sakin ɗanta da rai. Saboda haka duk jaririn da ka gani a keji, ko a hannun wani mai kuɗi an sa masa riga ana ba shi madara a kwalba, ko ma a cikin baron nan mai ban sha'awa, to kusan tabbas an kashe uwarsa. Wannan shi ne abin da hoton ba ya nunawa.

Abin yana faruwa ne kamar haka. A sare daji domin katako, ko haƙar gawayin ƙasa, ko shuka kwakwar manja. Dabbar ta rasa abinci, yunwa ta koro ta gona, ta shiga cin ɗanyen tsiron kwakwa ko 'ya'yan itacen manomi. Ma'aikacin gona ko manomi ya harbe ta ko ya sare ta, ya ɗauki ɗan ya ajiye a gida ko ya sayar wa dillali. A watan Maris na 2019, a lardin Aceh, an ceto wata uwa da likitoci suka sa wa suna Hope. Da aka ɗauki hoton jikinta sai aka ga ƙwayoyin bindigar iska 74 a ciki, ta makance, ɗanta kuma ya mutu a hanya saboda yunwa. Ita ma ba za ta sake komawa daji ba har abada.

Wasu kuma ƙetare ake kai su. An taɓa samun wani wurin shaƙatawa a Bankok ta ƙasar Tailan inda ake sa wa orangutan safar dambe ana sa su faɗa 'yan kallo suna dariya. Da aka gwada jininsu aka gano cewa da yawansu ba a can aka haife su ba, sato su aka yi. A 2006 aka mayar da 48 Indonesiya. Dokar Indonesiya ta 1990 ta haramta kamawa da ajiyewa da sayar da wannan dabba, amma kun san yadda doka take idan ta haɗu da talauci a gefe guda da kuɗi a ɗaya gefen.

Makarantar daji

Cibiyar farko da ta shahara ita ce Sepilok a jihar Sabah ta Malesiya, wadda aka buɗe a 1964. A 1971 wata mai bincike, Birute Galdikas, ta kafa sansanin Leakey a dajin Tanjung Puting na ɓangaren Indonesiya, ta kuma shafe shekaru da dama tana nazarin wannan dabba. A 1991 aka kafa gidauniyar BOS, wadda ke da manyan cibiyoyi biyu, Samboja Lestari a gabashin Kalimantan da Nyaru Menteng a tsakiyarta. Ita Nyaru Menteng wata mata 'yar Denmak, Lone Droscher Nielsen, wadda a da ma'aikaciyar jirgin sama ce, ta jagoranci buɗe ta a 1999. A Sumatara ma akwai wurin killacewa kusa da birnin Medan, daga nan ake kai waɗanda suka murmure dazuzzukan Bukit Tigapuluh da Jantho.

Idan aka kawo maraya, abu na farko shi ne a killace shi a gwada jininsa, saboda zama da mutane ya kan sa su kamu da tarin fuka da ciwon hanta da tsutsar ciki. Idan ya tsallake wannan, sai a damƙa shi ga masu reno, yawancinsu matan ƙauyukan da ke kusa, waɗanda ke kwana da jariran suna ba su madara cikin dare kamar 'ya'yan cikinsu. Daga nan sai makarantar daji. Kullum da safe a kai su cikin bishiyoyi, a nuna musu hawa, a fasa musu gidan gara su ga abin da ke ciki, a lanƙwasa reshe a gabansu su kwaikwaya. Har macijin roba ake ɓoyewa a cikin ganye, idan ya bayyana mai reno ta yi kururuwa ta nuna tsoro, domin su koyi cewa wannan abin gudu ne. Duk abin da uwa za ta koyar kyauta, sai an biya albashi da magani da abinci na shekaru kafin a kwatanta shi, kuma ba a taɓa kamo ƙafar uwa.

Wanda ya ƙware sai a kai shi wani tsibiri a tsakiyar kogi, inda zai zauna ba keji, ana kallonsa daga nesa a ga ko zai iya riƙe kansa. Idan ya ci wannan jarrabawa, sai a sa masa 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, a sa shi a akwatin ƙarfe, a yi tafiyar kwana da kwanaki a mota da kwalekwale, wani lokaci da jirgi mai saukar ungulu, har cikin ƙurmin da babu mutane. A buɗe akwati, ya kama bishiya ya hau. Bayan haka ma'aikata su yi ta bin sawunsa watanni suna rubuta abin da ya ci da inda ya kwana. Daga 2012 zuwa yanzu gidauniyar BOS ta saki fiye da 500 ta wannan hanya, kuma wasu daga cikin matan sun haihu a daji. Wannan nasara ce ta gaske, babu mai raina ta.

To amma a lura da manufar duk wannan wahala. Manufar ita ce dabbar ta manta da mutum. Ranar da ta ga ɗan Adam ta hau sama ta ɓuya, ranar ce malamanta za su ce sun ci riba.

To mene ne aikin ɗan sa-kai?

A nan ne nake da magana. A cibiyoyin da suka san abin da suke yi, baƙon da ya zo aikin sa-kai ba ya taɓa orangutan ko kaɗan. Kafin ma ya zo sai ya kawo shaidar gwajin tarin fuka da allurar rigakafi, idan zai kusanci keji kuma sai ya sa takunkumi. Aikinsa shi ne wanke keji, yanka 'ya'yan itace, gyaran gadar katako, haɗa siminti, ɗaura igiyoyin lilo, dasa bishiyoyi, da cusa abinci a cikin gora ko buhu domin dabbar ta sha wahala kafin ta ciro, kada zaman keji ya kashe mata zuciya. Aiki ne na zufa, cikin zafi da sauro da matsattsaku. Ba shi da kyau a hoto.

Dalilin hana taɓawa biyu ne. Na ɗaya, cuta. Murar da za ta kwantar da kai kwana biyu tana iya kashe jaririn orangutan, idan kuma aka saki mai ɗauke da tarin fuka a daji, to an kai wa na dajin annoba. Na biyu, sabo. Maraya da ya ga an kashe uwarsa yana neman wanda zai maƙale wa. Idan yau wannan baƙuwa ta goya shi, bayan mako biyu ta hau jirgi ta tafi, wata ta zo ta tafi, to sau nawa ke nan aka maimaita masa maraici? Kuma wanda ya saba da hannun kowa, idan ya girma aka sake shi, da ya hango rumfar manomi zai nufe ta yana neman ayaba. Can kuwa adda ce ke jiransa. An ga irin wannan a Bukit Lawang ta Sumatara, inda aka buɗe cibiya a 1973, masu yawon buɗe ido suka yi yawa, ana miƙa wa dabbobin abinci da hannu, har wasunsu suka koma tare hanya suna fizgar jakar mutane. Daga baya dole aka daina aikin reno a wurin.

Saboda haka duk wurin da ya tallata maka cewa za ka rungumi jariri ka ba shi madara a ɗauke ka hoto, ka sani kasuwa ya buɗe, kuma maraya shi ne hajarsa. Mu 'yan kasuwa mun san ƙa'idar: hajar da ke kawo ciniki ba a bari ta yanke. Idan jariran da ke hannu suka girma suka daina ban sha'awa, daga ina za a samo sababbi?

Wani zai ce, to idan wanke keji ne da dasa itace, me ya sa sai an taso daga Landan? Ba mutane a Borniyo? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta a fili take. Abin da cibiya ta fi buƙata daga baƙo ba ƙarfinsa ba ne, kuɗinsa ne. Mako biyu na irin wannan aiki ya kan haura dala 1,000, ban da kuɗin jirgi. Ni ban ga laifin wannan ba. Ɗaruruwan dabbobi suna cin abinci kullum, likitoci da masu reno suna jiran albashi, kuma akwai da yawa da makanta ko ciwo ko daɗewa a keji ta sa ba za a taɓa sakinsu ba, ga shi suna iya rayuwa shekara 50. An ga yadda abin ya yi tsanani a 2020 lokacin da annobar korona ta sa aka rufe cibiyoyin ga baƙi. Idan kuɗin baƙo zai ciyar da su, madalla. Abin da nake cewa shi ne a kira abu da sunansa. Baƙo mai taimako ne, ba mai ceto ba. Masu ceton su ne matan ƙauyen da suka shekara goma suna goyon marayu, da samarin da ke kwana a ƙurmi suna bin sawun dabba, da likitocin ƙasar da ke ciro harsashi. Su ba a cika ganinsu a talla ba. Kuma mai niyyar zuwa ya kamata ya yi tambayar da kowane ɗan kasuwa zai yi: a cikin kuɗin nan nawa ne ke isa cibiya, nawa ne ke tsayawa a hannun dillalin da ya shirya tafiyar?

Ina za a sake su?

Ga babbar matsalar. A ce an yi shekara bakwai ana koyar da maraya, ya ƙware, ya shirya. Ina za a kai shi? Ba a son a zuba shi inda na daji suka riga suka cika, saboda cuta da kuma ƙarancin abinci. Dole a nemi dajin da ke da 'ya'yan itace isassu, nesa da gari, wanda kuma ba a riga an ba kamfani ba. Irin wannan daji ya yi wuya har ta kai gidauniyar BOS ta kafa kamfani ta nemi lasisi daga gwamnati, kamar yadda masu katako ke nema, ta karɓi dajin Kehje Sewen mai faɗin kimanin hekta 86,000, ba don ta sare ba sai don ta bar shi a tsaye. Kafin a samu irin waɗannan wurare, an yi shekaru dabbobin da suka gama makaranta suna zaune a keji suna jira.

Mu da muke zaune nesa da garuruwan iyayenmu mun san daɗin kalmar komawa gida. Mun kuma san cewa ba a komawa sai gidan yana nan.

Yanzu bari mu zo ƙofar shago. Kwakwar manja ba 'yar asalin Asiya ba ce, tamu ce ta Afirka ta Yamma. A 1848 aka dasa tsiro huɗu a lambun gwaji na Bogor a tsibirin Jaba. A 1911 aka fara manyan gonakinta a Sumatara, a 1917 kuma a Malesiya. A farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen manja. Yau Indonesiya da Malesiya ne ke samar da kusan kashi 85 cikin 100, mu kuma har shigowa da shi muke yi domin namu ba ya isarmu. Man yana cikin sabulu da biskit da taliyar yara da man shafawa da man girki na jarka, kayan da yawancinmu muke sayarwa daga safe zuwa dare.

Mafi arhar hanyar share daji ita ce wuta. A can kuma akwai wata irin ƙasa mai dausayi wadda ruɓaɓɓen ganye da itace na dubban shekaru suka taru suka yi, idan aka janye ruwanta ta bushe, sai ta kama wuta ta yi ta ci ta ƙarƙashi wata da watanni. An yi mummunar gobara a 1997 zuwa 1998, aka sake yi a 2015, inda Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa hekta miliyan 2.6 suka ƙone a Indonesiya. Hayaƙin ya rufe makarantu har a Malesiya da Singafo, dubban ɗaruruwan mutane suka kamu da ciwon ƙirji. To ga amsa ga mai cewa mutane na fama da yunwa kai kana maganar biri. Wutar da ta kori biri daga bishiya ita ce ta shaƙe yaran talakawa a gadajensu. Daji ɗaya ne, asara ɗaya ce.

Ba ina cewa a daina cin manja ba ne. Wannan maganar wanda bai san miyar gidanmu ba ce, kuma miliyoyin ƙananan manoma a can da nan da shi suke ci da iyalinsu. Bugu da ƙari, hekta ɗaya ta kwakwa tana ba da man da ya ninka na waken soya sau da yawa, saboda haka idan aka guje ta aka koma wani mai, dajin da za a sare sai ya fi haka. Abin da ake nema shi ne a shuka ta a filin da aka riga aka share, a inganta iri, a bar ƙurmin da ya rage. Wannan darasi ne gare mu, domin yanzu da ake ta kiran a farfaɗo da noman kwakwa a Edo da Ondo da Kuros Riba, ya kamata mu dubi Borniyo mu ga abin da za a ɗauka da abin da za a bari. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Namu na gida

Kada wani ya zaci wannan labarin mutanen nesa ne. A shekarar 2002 wasu 'ya'yan gorila huɗu suka isa gidan dabbobi na Taiping a Malesiya daga Najeriya, da takardun da ke cewa a wani gidan dabbobi na Ibadan aka haife su. Bincike ya nuna ƙarya ne, daga daji aka kamo su. Aka kwashe su zuwa Afirka ta Kudu a 2004, sai a 2007 aka kai su cibiyar Limbe a Kamaru. Wato kasuwar da ke fitar da jaririn orangutan daga Borniyo ita ce dai ke fitar da namu, hanya ɗaya, dillalai iri ɗaya.

Muna da gorilan Kuros Riba a duwatsun iyakarmu da Kamaru, waɗanda ba su wuce 300 ba. Muna da birin nan da ake kira diril, wanda ba a samunsa ko'ina sai Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko. Tun 1991 ƙungiyar Pandrillus, wadda Liza Gadsby da Peter Jenkins suka kafa, take karɓar marayunsa a Kalaba, tana kuma da wani sansani a gindin dutsen Afi. Irin aikin Borniyo ne sak, a ƙasarmu, motar haya za ta kai ka.

Saboda haka ga shawarata. Wanda Allah ya hore wa kuma yake son zuwa Borniyo, ya je, amma ya zaɓi wurin da zai ce masa ba a taɓawa, ya ɗauki tsintsiya da shebur da zuciya ɗaya. Mu sauran da ko fasfo ba mu da shi, namu aikin sa-kan yana kusa. Kada mu sayi ɗan biri ko aku da aka kamo daga daji, ko don tausayi, domin kuɗin tausayin nan shi ne ke mayar da maharbi daji gobe. Direbobinmu da masu lodi a tasha su riƙa duba kwali da kwandon da ake ba su amana, idan abu mai rai ne na daji su ce a'a. Shugabannin kasuwanninmu da sarakunan Hausawa su sa baki, domin idan aka kama irin wannan kaya a motar ɗayanmu, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi Hausawa ne, kuma mun san abin da irin wannan ke jawo mana a wurin da muke baƙi. Mu kuma daina tura hoton biri sanye da riga yana shan lemo muna dariya, tunda yanzu mun san abin da ya faru kafin a ɗauki hoton.

Ko malamai ba a bar su a baya ba. A 2014 Majalisar Malaman Indonesiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi, ta ba da fatawar cewa farauta da fataucin dabbobin da ke gab da ƙarewa ba bisa ƙa'ida ba haramun ne, a 2016 kuma ta ba da wata a kan ƙona daji. Zai yi kyau namu malaman na zango su taɓo wannan a wa'azi ko sau ɗaya ne a shekara.

Renon maraya guda yana cin shekaru da maƙudan kuɗi, kuma bayan duk wannan ba kowanne ne ke rayuwa ba idan an sake shi. Barin uwarsa da rai a kan bishiyarta kuwa ba ya buƙatar makaranta, ba ya buƙatar baro, ba ya buƙatar baƙo daga ko'ina. Ko a lissafin kasuwa, kun ga wanda ya fi araha.

Wannan shi ne ɗan abin da nake da shi a yau. Wanda yake da ƙarin bayani ko saɓanin ra'ayi, musamman 'yan uwanmu na Kalaba da Ikom da suka fi mu kusa da daji, ƙofa a buɗe take. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar abin da ya halitta. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.